Auren Alhaji Datti

Cheras, Kuala Lumpur,
9 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Hajiya Ɗelu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da jikoki, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Duk saƙon muryar da na turo miki jikokinki ne ke kunna shi a tsakar gida har maƙwabta su ji, wannan kuwa ba maganar tsakar gida ba ce. Na ba Alhaji Zahraddeen mai sarin mayafai a wurina, ya ce zai kawo miki da hannunsa.

Yaya, a kan mai sunan Inna ne. Kin san zane ta karanta a kwaleji, ban hana ta ba duk da na so ta zauna a shago. To ita da abokanta sun ƙirƙiro wani katun na Hausa suna sakawa a intanet duk Juma'a, wai shi Gidan Alhaji Datti. Wani ɗan kasuwa ne mazaunin garin nan, mai tumbi da 'yar ƙaramar hula, yana da shagon yadi a unguwar Masjid India. Yaya, Hausawa nawa ne ke da shagon yadi a Masjid India? Duk inda Dattin nan ya zauna sai ya bugi ƙirji ya ce ba wanda ya taɓa riƙe masa hannu. Yana da ɗa namiji da yake kira da suna har da kirari, yana da 'yar fari da ba ya ce mata komai sai "Ke". Ko a jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshe haka suke rubuta ta.

Juma'ar da ta wuce ina fitowa daga Masjid Jamek wasu ɗalibai, waɗanda na haifi kamarsu, suka ce min barka da Juma'a Alhaji Datti. Ɗaya har ya nemi mu yi hoto. Ni da na fito daga sakandaren jeka-ka-dawo da sakamakon da ba ya nunuwa, na kafa abin da masu digiri ke zuwa neman aiki a cikinsa, yau ni ne abin dariyar yara.

Ban faɗa miki ba, wata biyar ke nan rabonta da gidan. Muna cin abinci na ce wa ƙanenta, Najib miƙo min ruwa, na juya na ce ke, rufe tagar nan. Sai ta ajiye cokali ta ce, da Hausar nan tata mai ɗingishi, "Baba, mene ne sunana?" Na ce ta ci abincinta. Ta sake tambaya. Na tashi na tafi alwala. Washegari ta kwashe kayanta ta koma wurin wata ƙawarta a Bukit Bintang. Ke kin sani, 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarmu ne a kanta. Babanmu ya taɓa kiran ki da suna? Kin mutu?

Yanzu Najib ya ce min Juma'ar ƙarshen Oktoba za su saki kashi na ƙarshe, na yadda Datti ya yi aure, kuma tana neman labari wurin dangi. Za ta kira ki. Don girman Allah kada ki faɗa mata komai. Abin da ni da marigayiya muka rufe, a bar shi a rufe. Labarin da aka sani a nan shi ne na zo ƙasar nan kasuwanci, na kawo matata, na sa ta a jami'a. A bar shi haka.

Ga turare da man zafi nan. A gaida kowa.

Ƙanenki,
Alhaji Sirajo.

*

Gwale, Kano,
21 ga Satumba.

Sirajo ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso da turare, Allah ya yi albarka. Gwiwa tana nan, da alama tare za a binne mu.

Dattin nan ai mun daɗe muna kallo. Ranar da ya yi faɗa da injin tikitin jirgin ƙasa sai da na riƙe ciki. Tumbin an yi maka ƙari, hular kuwa taka ce.

Walida ta kira ni, na kuma yi yadda ka ce. Ta tambaye ni ko kana son uwarta lokacin da ka aure ta, na ce Allah ya jiƙan Aishatu. Ta tambaye ni ko ka taɓa ɗaukarta tana jaririya, don ta duba hotunan gidan kaf ba ta ga ko ɗaya ba, na ce layin ba kyau. Sai ta ce na gode Gwaggo, na gane. Sirajo, shirun da ka sa na yi, amsa ta ɗauke shi.

Bari ka ji labarin da ta haɗa. Wai Datti attajiri ne ya ga yarinya mai ƙwaƙwalwa ya ɗauke ta yadda ake ɗaukar leshi a kanta, ya kawo ta ƙasar waje don a ce matarsa Dakta ce. Wai da aka yi masa albishir mace aka haifa, bai ɗago daga awon yadi ba.

Ni da na kai lefenka cikin akwati ɗaya ta aro, ni za a ba wa wannan labarin in yi shiru? Ka manta kana dakon dila a Kwari, Aishatu ta zo sayen atamfa ruwa ya tare ta a rumfar maigidanka? Ka manta babanta ya ce ba zai ba da 'yarsa mai digiri ga ɗan dako ba, ta shekara biyu tana korar manema? Da gurbin karatun Malesiya ya fito ta ce ko da kai ko ta haƙura. A takardarta ka shiga jirgi, a matsayin mijin ɗaliba. Kano kaf an yi mana dariya, an ce an kai Sirajo ɗakin miji. Na san ciwon da ka ji. Amma wace mace ce za ta yi wa namijin da ba ya son ta haka?

Ka tambaye ni ko Baba ya taɓa kiran sunana. Bai taɓa ba. Amma ina da Kaka da ke goya ni har na shekara huɗu, ina da Gwaggo Yalwa mai ɓoye min ƙosai, ina da kawunnan da ke ce min ai babanki jiya bai iya cin tuwo ba da kika yi zazzaɓi. Uba ya yi alkunya, gida ya faɗi abin da ya ɓoye. Haka abin yake. Kai ka ɗauki alkunyar ka kai ta hawa na goma sha ɗaya a ƙasar da ba kaka ba gwaggo. Uwarta ce kaɗai ke fassara mata kai, ita kuma shekara uku ke nan tana ƙasa. Yarinya ta tashi cikin 'ya'yan Malesiya tana ganin iyayensu maza na riƙe musu hannu zuwa makaranta. Me kake so ta ɗauka?

Ka je ka same ta. Ba katun ne matsalarka ba.

A gaida Najib.

Yayarka,
Ɗelu.

*

Cheras,
5 ga Oktoba.

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Na karanta takardarki a shago, sai da na shiga sito na rufe ƙofa. Har yanzu bakinki bai tsufa ba.

Tunda kin tono, bari in ƙarasa miki, don akwai abin da ko ke ba ki sani ba.

Da muka zo, takardata ba ta ba ni damar aiki ba. Ita ta fita da safe, ni in zauna ina kallon bene. Wata goma sha huɗu da zuwanmu aka haifi yarinyar nan. Bayan arba'in dole ta koma makaranta, ba mu da kowa. Wa kike tsammani ya riƙe ta? Ranar farko ta yi kuka tun hantsi har azahar, na ba ta madara ta ƙi, na yi ta zagaye da ita a kafaɗa ta ƙi. Sai na rufe labule, na ɗauko zanin uwarta da majanyin saƙin nan da kika aiko mai baƙi da fari, na sunkuya na ɗora ta a bayana yadda na ga kuna yi. Sau uku tana zamewa. Na huɗu ta zauna, ta yi shiru, na ji numfashinta a tsakanin kafaɗuna. Yaya, na ɗauki dila mai nauyin mutum biyu a Kwari, ban taɓa tafiya a hankali kamar ranar ba.

Shekara biyu da rabi a bayana ta yi su. Ni na fara jin haƙorinta a yatsana. Hotunan da take dubawa ba ta gan ni ba, ni ne mai riƙe da kyamarar.

Kuma masar nan da ɗalibanmu ke yi wa layi lokacin, wadda ake ce wa masar Malama Aishatu, ni ke jiƙa shinkafa, ni ke ƙullu, ni ke tuya a tandar ƙarfen da ta zo da ita cikin kayan ɗakinta. In an ƙwanƙwasa sai in sauke yarinya, in zura riga, in miƙa leda in ce Malama ta bar muku saƙo. Da wannan masar na sayi bandir ɗin yadina na farko. Shi ke nan tushen Alhaji Sirajo da ba wanda ya riƙe masa hannu.

Kin san tabon ƙunar da ke idon sawunta na hagu. An ce muku uwarta ce garin girki. Ni ne. Tana bayana, ƙafarta na lilo a ƙuguna, na juya da sauri tanda ta karkace. Na sauka hawa goma sha ɗaya da ƙafa da zani a ƙirjina, ban ma tuna da kunya ba sai a kilinik. Da matan 'yan uwanmu suka zo dubiya, Aishatu ta riga ni magana ta ce ita ce. Shekaru suna yi da ita, wai 'yar boko ta ƙona 'yarta garin karatu. Ba ta taɓa gyara musu ba. Ni ma ban gyara ba.

Na je kamar yadda kika ce. Najib ya haɗa mu a wani mamak, irin gidan shayin Indiyawan nan, kusa da tashar jirgin monorel ta Bukit Bintang bayan la'asar. Na riga ta zuwa da awa guda, na shirya maganata tsaf. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta rame. Na tambaye ta ko ana cin abinci, ta ce ana ci. Na sa aka kawo mata shayi da roti.

Ita ta fara. Ta fito da kwamfutarta ta ce ba ta so in gani a waje kafin in gani a wurinta. Yaya, na ga Datti a shago yana awo, ga matarsa can a gida, littafi a hannu ɗaya ludayi a ɗaya, jaririya a baya, mai ya fantsama. An kira shi a waya, ya ce a shafa mata man goge baki yana da kwastoma. An sa sautin dariya a wurin.

Ta rufe ta dube ni. Ta ce da Turanci saura sati uku da 'yan kwanaki, in akwai abin da ba daidai ba in faɗa, za ta gyara. Ta ce ko abu ɗaya ne.

Kin san abin da na ce? Na ce hular ba haka take ba, ni ban taɓa sa mai wannan aikin ba.

Ta yi murmushin yaƙe ta ce bayan hula fa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Ga ɗalibai biyu a teburin baya sun gane ni suna zunɗe. Na hango Datti da zani a ƙirji yana tuyar masa, duk Hausawan duniya na kallo. Na hango kuma idon yarinyar nan in ta ji wanda ya ƙona ta, ya bar uwarta da laifin har kabari. Sai na ji kaina ina cewa, "Ke, shayinki zai huce."

Ta shanye, ta yi min sallama da ladabi, ta hau bene zuwa jirgi. Na sa an ƙunshe mata abinci, abin da suke ce wa tapau, ban ma samu na miƙa mata ba, a hannuna na dawo da shi.

Ban san yadda ake yi ba, Yaya. Na iya ciniki da Indiyawa da 'yan Sin da yarensu. Shekara ashirin da huɗu ina danne harshena a gabanta, yanzu na sake shi ya ƙi tashi.

Ki yi min addu'a. Alkawarinmu yana nan, kada ki faɗa.

Sirajo.

*

Gwale,
18 ga Oktoba.

Sirajo,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Na yi kuka da takardarka, na kuma yi dariya, don ashe majanyin da na saya wa Aishatu a Kurmi ƙaton gardi ne ya ci moriyarsa. Shi ya sa ta aiko min in ƙaro mai tsawo.

Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba. Ba dogon zance nake so ba. Ka ɗauka ka ce min "faɗa mata", shi ke nan, sauran aikin nawa ne, dama aikin gwaggo ne. Ba zan karya maka alkawari da kaina ba, amma ka sani da ƙyar nake riƙe shi.

In ka ƙi, to ka rubuta mata. Wanda ya iya rubuta min shafi huɗu zai iya rubuta wa 'yarsa ɗaya. Ka sa sunanta a sama. Inna ba za ta taso daga kabari ta mare ka ba, ita da ta so a sa wa yarinyar sunan don a riƙa kiran sa.

Kana tsoron a ce Datti ya yi goyo. Mutane za su yi dariya sati ɗaya su samu wani abin. Ita kuwa abin da ta zana shi za ta ba 'ya'yanta a matsayin labarin kakansu da kakarsu. Ka tuna Aishatu ma a ciki take.

Allah ya buɗe maka baki.

Ɗelu.

*

Cheras,
4 ga Nuwamba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Alhaji Zahraddeen ya biya ta Dubai, sai jiya takardarki ta zo hannuna. Ba zan ɗora masa ba. Na ga kiranki duka ukun, ina kallon wayar har ta gama ruri.

An saki abin ranar Juma'a, na san kun gani. Ta gyara hular.

Wurin ƙunar ba ta sa sautin dariyar ba, ta cire. Matar Datti tana zaune a kilinik ita kaɗai da jaririya a cinya, shiru, ya fi minti guda. A ƙarshe aka rubuta sadaukarwa ga mahaifiyarta, wadda ta yi komai ita kaɗai. Najib ya ce ba su taɓa samun masu kallo irin na wannan ba. A masallaci yanzu ba mai ce min Datti. Gaishe ni suke da sauri su wuce. Wata Hajiya da ke sayen mayafi wurina shekara goma ta aiko direba maimakon ta zo da kanta. Na gwammace dariyar.

Na yi abin da kika ce, na rubuta. Jiya na rufe shago tun azahar na zauna a sito, na yaga takarda ta fi goma. Na sa sunan a sama. Ji na yi kamar na ɗauki abin da ba nawa ba. Na faɗi dako, na faɗi takardar jirgi, na faɗi masa, na faɗi tanda.

Na buɗe akwatin marigayiya na ɗauko majanyin. Yana nan, gefe ɗaya da ɗigon mai da bai taɓa fita ba. Na ninke shi a leda na kai benen da take yau da safe. Ba ta nan, na bar wa mai gadi. Duk 'yar da ta ga majanyi ta san abin da ake nufi, ba sai an yi dogon bayani ba.

Yanzu sai jira. Ban iya komai ba sai shi.

A gaida yara.

Ƙanenki,
Sirajo.

*

Bukit Bintang,
7 ga Nuwamba.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya shago. Ka yi haƙuri da Hausata, Najib ya ce takarda kake so yanzu, shi zai kawo.

Na samu ledar, na gode. Ban san mene ne ba. Ƙawata ta ce mayafin wuya ne, ni na ce ya yi kauri, ko na shimfiɗa a tebur ne. Akwai tabon mai a gefe, na sa sabulu sau biyu bai fita ba. In na Mama ne zan ajiye da kyau. Na tura wa Gwaggo hoto na tambaye ta, ta fara kuka ta ce ba ta da izini.

Babu takarda a ciki. Mai gadi ya ce ka daɗe a tsaye wurin lif. Ya ce ka ba shi ledar, ka tafi, ka dawo ka karɓa, ka cire wani farin ambulan ka sa a aljihu, sannan ka mayar masa.

Baba, mene ne a ambulan ɗin?

Ranar Lahadi bayan la'asar zan zauna a mamak ɗin nan, tebur ɗin da muka zauna. In ba za ka iya faɗa ba boleh, ba komai, ka ajiye a tebur ka tafi, zan karanta. Zan jira har magariba.

Na gaishe ka.

Ni ce,
wadda ka san sunanta.